Antioksidan: mece ce ita, kuma me ya haɗa ta da kansar ciki?

Ka yanka yalo ka ajiye, kafin ka gama jajjage fuskarsa ta yi duhu. Da ka matsa masa lemon tsami, sai ya jima da haskensa. Iskar oksijin ce ke wannan aikin, ita ce kuma ke sa ƙarfe tsatsa. A jikinmu ma, yayin da ake sarrafa abinci, wasu ɓurɓushin sinadarai kan fita su riƙa cin ƙwayoyin halitta. Duk abin da ke tare wannan ɓarnar, kamar yadda lemon ya yi wa yalo, shi ne antioksidan: bitamin C da E, jan launin tumatir, launin zoɓo, rawayar gangamau, da abin da ke cikin koren shayi.

To ina ruwan ciki? Babban mai laifi a kansar ciki ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, wadda ke kawo gyambon ciki. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin masu jawo kansa. Tana shekaru tana kumbura bangon ciki, yawan gishiri da taba suna ƙara mata ƙarfi. Bitamin C kuwa yana rage samuwar wasu sinadarai masu jawo kansa a cikin, kuma masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa kamar wasu ba.

Amma da aka koma ba da antioksidan a ƙwayar magani, sai labari ya rabu biyu. A Linxian ta ƙasar Sin, inda abinci mai gina jiki ya yi ƙaranci, an gwada mutum kusan 30,000, mutuwa daga kansar ciki ta ragu da kashi 21 cikin ɗari a masu shan beta-karotin (launin karas) da bitamin E da ma'adinin seleniyam. A Finland kuwa, beta-karotin ɗin nan ƙara wa mashaya taba kansar huhu ya yi.

Shi ya sa nake tsaki idan na ga kalmar antioksidan a jikin kwalbar da ake cewa tana warkar da kansa. Kashe ƙwayar kansa a ɗakin gwaji daban, warkar da mutum daban. Wanda kansa ta riga ta kama, tiyata da kemo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin kansa, su ne hanyarsa. Mai gyambon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kuma, a gwada shi, domin ƙwayar Helicobacter ɗin nan maganin kamar mako biyu kan kashe ta.