Wasannin Afirka na 1973 a Legas

Wasannin Afirka na 1973 su ne karo na biyu na babbar gasar wasanni ta ƙasashen nahiyar Afirka. An yi su a Legas, babban birnin Najeriya a wancan zamani, daga 7 zuwa 18 ga Janairu, 1973. Ƙasashe 36 suka halarta, aka fafata a wasanni iri 12, ciki har da guje-guje da tsalle-tsalle, ƙwallon ƙafa, dambe, ninƙaya da ƙwallon kwando. Afirka ta Kudu ba ta cikinsu, saboda mulkin wariyar launin fata.

Gasar ta sha jinkiri kafin ta iso Legas. Bayan karon farko a Birazabil ta ƙasar Kongo a 1965, Bamako, babban birnin Mali, aka ba wa ɗaukar nauyin na biyu a 1969, sai sojoji suka kifar da gwamnatin Modibo Keita a Nuwamban 1968, shirin ya wargaje. Aka mai da ita Legas a kan za a yi a 1971. Nan ma abin bai yiwu ba, domin a Janairun 1970 aka ajiye makamai a yaƙin basasa, ƙasar kuwa ba ta gama farfaɗowa ba. Shekara takwas ke nan tsakanin gasa ta farko da ta biyu, maimakon huɗu.

Wannan ne ya sa gasar ta wuce wasa a wurin gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Ƙasar da aka yi ta hasashen za ta tarwatse ita ce ke tarbar baƙi daga kowace kusurwa ta nahiyar, a Babban Filin Wasa na Ƙasa da aka gina a Surulere da kuɗin mai da suka fara shigowa. A makon ma mutane suna kan koyon lissafi da naira da kwabo, waɗanda suka maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu, kwana shida kafin buɗe gasar. Majalisar Ƙoli ta Wasannin Afirka, wadda ke kula da gasar a lokacin, ɗan Najeriya Abraham Ordia ke shugabancinta.

A fagen tsere aka ga abin kallo na gaske. John Akii-Bua na Yuganda ya zo da zinaren Olamfik na Munich a hannu, wanda ya ci watanni huɗu da suka wuce a tseren mita 400 mai tsallake shinge, ya kuma sake lashe shi a Legas cikin daƙiƙa 48.54. Ben Jipcho na Kenya ya ɗauki zinare biyu: mita 5,000, da mita 3,000 mai shinge da ramin ruwa, inda ya kamo tarihin duniya. Habasha ta tafi da dogayen tsere, Miruts Yifter a mita 10,000, Mamo Wolde a gudun fanfalaki.

Amma tseren da ya fi cancanta a tuna shi ne na mita 1,500. Kipchoge Keino na Kenya, zakaran Olamfik na 1968 a wannan tazara, shi kowa ya sa wa ido. Wani saurayi ɗan Tanzaniya da bai cika shekara 20 ba, Filbert Bayi, ya fita gaba tun tashin farko, salon da masu dogon tsere ke kauce wa saboda numfashi kan ƙare wa mutum a zagayen ƙarshe. Keino ya bi shi, ya matsa, bai cim masa ba. Shekara guda bayan haka Bayi ya kafa tarihin duniya da wannan salon a Wasannin Kwamanwel na 1974.

Ghana ta mamaye gajerun tsere: Ohene Karikari a maza, Alice Annum a mata, kowannensu ya ci mita 100 da 200. Tauraruwar masu masauki kuwa Modupe Oshikoya ce, wadda ta ci zinare uku, a tsallen nisa, tsallen sama da mita 100 mai shinge.

A ƙwallon ƙafa, ƙungiyar Najeriya, wadda ake kira Green Eagles a lokacin, ta doke Gini da ci 2 da nema a wasan ƙarshe. Ba ƙaramar nasara ba ce, domin Gini na tashe a lokacin: kulob ɗinta Hafia ya ci kofin zakarun Afirka a 1972. Wannan ne babban kambun farko da Najeriya ta ɗauka a matakin nahiya, kuma cikin 'yan wasan akwai Haruna Ilerika, gajere mai yanka da ƙafar hagu.

A teburin lambobi Masar ta zo ta ɗaya, Najeriya ta biyu, Kenya ta uku. A shekarar ce kuma aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas, don haɗa matasan jihohi 12 wuri guda bayan yaƙi. Filin Surulere ya sake cika a 1980, ranar da Najeriya ta ci Aljeriya 3 da nema ta ɗauki Kofin Afirka. Karo na uku na Wasannin Afirka an yi shi a Aljeriya a 1978, gasar ba ta kuma dawo Najeriya ba sai 2003, a Abuja.