Yaro da giya a Saudiyya: tambayoyin da iyaye ke yi

A Makka da Jidda, inda Hausawa suka yi kaka-gida tun zamanin zuwa hajji a ƙafa, ba a cika tayar da zancen giya a bainar jama'a ba. Sai an keɓe uwa ke rage murya ta yi tambaya. Ga wasu daga cikin irin tambayoyin.

Shekara nawa doka ta yanke kafin a sayar wa mutum giya a nan?

Ba ta yanke ba, domin ba a sayar wa babba balle yaro. A Amurka sai mutum ya kai 21, a Ingila 18, amma Saudiyya ta haramta ta ga kowa tun 1952. Sarki Abdul'aziz ne ya yi hanin, bayan ɗansa Yarima Mishari ya harbe wani jami'in jakadancin Birtaniya a Jidda a 1951, a wurin wata liyafa da aka sha aka bugu. Wanda aka kama da ita yana fuskantar ɗauri ko tara, baƙo kuma ana iya tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu.

To, shagon giyar da aka ce an buɗe a Riyad fa?

Gaskiya ne. A watan Janairun 2024 aka buɗe shi a unguwar jakadu, domin jami'an diflomasiyya waɗanda ba Musulmi ba. Sai an yi rajista ta manhaja, kowa da iyakar abin da zai saya a wata, kuma wanda bai kai shekara 21 ba ko ƙofar ba ya shiga. Bai shafi ni da ku ba.

Idan haram ce ga kowa, akwai wani abu na daban ga wanda ya ba yaro?

Akwai, kuma nan nake so mu tsaya. Dokar kare yara ta 2014 ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne. Ta hana a sayar masa da taba da duk abin da zai cutar da lafiyarsa. Ba ta tsaya nan ba: ta hana a aike shi sayen irin waɗannan kayan, ta hana a sa shi aiki inda ake yin su ko sayar da su. Wato mutumin da zai tare ɗan shekara goma sha biyu a bakin bakala (kantin unguwa), ya miƙa masa baƙar leda mai giya a ciki da riyal goma, ya ce “kai wa wane a bayan layi”, ya taka doka ko da yaron bai kurɓi ko ɗigo ba.

Wannan aiken shi ya fi damuna. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu cewa ba a ƙin aiken babba, ba a kuma buɗe saƙon mutane. Tarbiyya ce mai kyau, amma da ita mugu ke cin moriyar yaro, don ya san ba a cika zargin ƙaramin da ke riƙe da gorar ruwa ba. Ga shi hadisi ya ambaci mutum goma da aka la'anta a kan giya, har da mai ɗaukarta da wanda aka ɗaukar wa. Ku gaya wa yaro ƙarara cewa yana da izininku ya ce a'a, ko da kawunsa ne ya aike shi.

Idan yaron aka kama da ita fa?

Ba a haɗa shi da manya. Dokar ƙananan masu laifi ta 2018 ta ware musu nasu tsari da gidajen lura da tarbiyya, kuma shekarunsa na cikin abin da alƙali ke dubawa. Mai neman shawara kan yaron da ake cutarwa zai iya kiran 116111.

Malam, ɗana ya shigo da dare yana tangaɗi yana amai. Ina tsoron asibiti saboda iƙamarmu, wato takardar izinin zama a ƙasar. Yaya zan yi?

Hajiya, ki kai shi. Na san wannan tsoron, ba kuma na raina shi. Amma abin da ke yawo a ɓoye haɗin gida ne, ana dafa shi a lungu a ɗura a gorar roba, wani lokacin da sinadarin metanol a ciki. Shi metanol yaudara gare shi: yaro zai farka kamar ya warware, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da ciwon ciki su taso, gani ya dushe kamar cikin hazo. Yana makantarwa, yana kashewa. Kada a tsaya ba shi madara ko tsamiya, kada a bar shi ya yi barci a rigingine, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Ki kira motar asibiti a 997, ki faɗa wa likita abin da ya sha da lokacin da ya sha, in gorar tana nan ki tafi da ita.