Shigar hanji cikin hanji

Shigar hanji cikin hanji, wanda likitoci ke kira intasasefshan, wani nau'in toshewar hanji ne da wani sashe ke zamewa ya cusa kansa cikin sashen da ke gabansa, kamar dai yadda ake tura eriyar rediyo ta shige cikin 'yar'uwarta. Toh idan ya shige haka abinci ba ya wucewa, jijiyoyin jinin wurin su ma an ja su ciki an matse, sai wurin ya kumbura, in aka daɗe ya mutu ko ya huje. Wani likita a Amsterdam, Paul Barbette, shi ya fara bayaninsa a 1674.

Ana raba shi ne gwargwadon inda abin ya faru. Wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba shi ne wanda ƙarshen ƙaramin hanji ke shiga cikin babban hanji ta gefen dama na ciki, kusan kashi 90 cikin 100 na yara wannan ne. Akwai na ƙaramin hanji cikin ƙaramin hanji, da na babba cikin babba, amma ba su kai shi ba.

Yara 'yan wata 3 zuwa shekara 3 ya fi kamawa, musamman kafin su cika shekara, kuma maza sun fi mata. A yawancinsu ba a samun takamaiman dalili, abin da aka fi zargi shi ne kaluluwar bangon hanji da ke kumbura bayan mura ko gudawa ta bairos, irin adinobairos, sai motsin hanji ya ɗauke ta kamar lomar abinci ya yi gaba da ita. A wasu kuma akwai abin da ya ja, kamar 'yar jakar Meckel da ake haihuwar wasu da ita a jikin hanji, ko tsiro, ko sankarar Burkitt. Manya ba kasafai suke samu ba, amma in sun samu galibi ƙari ne a wurin, wani lokaci sankara, shi yasa su aiki ake musu. An taɓa janye allurar rigakafin rotabairos (bairos mai sa yara gudawa) ta RotaShield a Amurka a 1999 saboda tana jawo wa wasu jarirai shigar hanji cikin hanji, waɗanda ake yi yanzu haɗarinsu ƙanƙani ne sosai.

Yadda yake zuwa kuwa, yaro lafiyarsa ƙalau sai ya tsala ihu ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya yi shiru kamar ba komai, bayan minti 15 ko 20 abin ya dawo, sai amai, daga baya kashi mai majina da jini. A nan ne ake yawan cewa ai atini ne ko haƙori, a yi ta ba shi magani a gida kwana biyu uku, kuma wannan jinkirin shi ne abin takaicin, domin in aka je da wuri hoton ciki na nuna shi, sau da yawa kuma iska ko ruwa kawai ake turawa ta dubura hanjin ya warware ba tare da an tsaga cikin ba.