Matani da Sharhi a Karatun Aƙida

Duk wanda ya tambayi malami littafin aƙidar da zai fara da shi, amsar kusan ɗaya ce: a fara da matani, sharhi ya biyo baya. Matani shi ne asalin rubutun mawallafi, gajere, wanda aka tsara don a haddace. Wani a zube yake, wani a waƙe, shi ne ake kira nazami. Sharhi kuwa bayani ne da wani malami ke yi wa matanin, yana bin sa jimla bayan jimla. Idan aka sake yi wa sharhin ƙarin bayani, wanda a da a gefen shafi ake rubuta shi, sunansa hashiya.

Abin da matanonin aƙida ke tattarawa shi ne abin da zuciya ta ƙulla game da Allah, mala'iku, littattafai, manzanni, ranar lahira da ƙaddara, wato rukunan imani shida da suka zo a hadisin Jibrilu. Sai dai kowane matani yana da gidan da ya fito. Ummul Barahin ta Imamu Sanusi, wanda ya rasu a 895 bayan hijira, a kan tafarkin Ash'ariyya take, wato mazhabar aƙida ta mabiya Imamu Ash'ari, da sifofi ashirin da suka wajaba ga Allah. Haka ma Jauharatut Tauhid ta Laƙƙani, wadda waƙa ce. Wasiɗiyya ta Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728, an rubuta ta ne bisa roƙon wani alƙali daga garin Wasiɗ na Iraƙi, kuma hanyarta ita ce jero ayoyi da hadisai a kan sunaye da sifofin Allah ba tare da tawili ba, wato ba tare da karkatar da lafazin daga ma'anarsa ta zahiri ba. Akwai kuma babin farko na Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, malamin Malikiyya da ya rasu a 386, 'yan shafuka ne kawai amma babu kalmar da ta zauna a banza.

Inda ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe shi ne zaton cewa sunan matani kaɗai ya isa. Ɗauki Ɗahawiyya, ta Imamu Abu Ja'afar Ɗahawi na Masar, wanda ya rasu a 321. Kusan duk masu jingina kansu ga Ahlussunna suna karantar da ita. Amma sharhin Ibn Abil Izz, wanda ya rasu a 792, ya karkata ga bayanin Ibn Taimiyya, sharhin Maidani kuwa ya bi hanyar malaman kalam, wato masu kafa hujjojin hankali a maganar aƙida. Jimla ɗaya ce a matanin, musamman a maganar sifofi, amma bayanin ya rabu biyu. Saboda haka wanda ya ce ya karanta Ɗahawiyya, tambayar da ta dace ita ce: da wane sharhi, kuma a gaban wa? A ganina, sau da yawa zaɓen sharhi ya fi zaɓen matani tasiri a kan abin da ɗalibi zai tashi da shi.

Ga mai farawa, gajeren matani guda ya wadatar. Ya karanta shi a gaban malami don a gyara masa lafazi da wasula, ya haddace, sannan ya ɗauki sharhi mai sauƙi. Littattafan raddi da na ƙungiyoyi, irin Almilal wan Nihal na Shahrastani, su jira tukuna, domin wanda bai riƙe matsayarsa ba, jin shubuhohin wasu ruɗa shi zai yi. A kuma duba bugun da za a saya, a ga wanda ya yi tahƙiƙinsa, wato ya tantance rubutun kafin a buga, don wasu bugunan cike suke da kurakuran ɗab'i, wasu kuma bayanan ƙasan shafi na mai tahƙiƙin ne, sai ɗalibi ya ɗauka maganar mawallafi ce.