Azov (jirgin yaƙin Rasha na 1826)

Azov babban jirgin ruwan yaƙi ne na Daular Rasha, mai tafiya da ƙarfin iska, wanda aka ƙera a Arkhangelsk, can arewacin ƙasar, aka kuma saka shi a ruwa a 1826. An yi masa lissafin igwa 74. Yana cikin manyan jiragen da ake jera su sahu guda a fagen daga, kowanne ya juya gefensa ga abokan gaba ya buɗe wuta. Sunansa tunawa ne da garin Azov da Sarki Peter Mai Girma ya ƙwace daga Turkawa a 1696.

Kyaftin ɗinsa na farko shi ne Mikhail Lazarev, wanda ya yi suna tun a tafiyar da Rashawa suka hango nahiyar Antarctica a 1820.

Abin da ya ɗaukaka Azov shi ne yaƙin Navarino, ranar 20 ga Oktoba 1827, a gaɓar Girka. Ingila da Faransa da Rasha sun haɗa kai don tilasta wa Daular Usmaniyya ta Turkiyya tsagaita yaƙi da Girkawa masu neman 'yanci. Azov ne ke ɗauke da tutar Admiral Login Heiden, kwamandan ɓangaren Rasha. Jirgin ya kutsa cikin mashigar tekun Navarino, ya yi artabu da jiragen Turkiyya da na Masar, mai mara mata baya, fiye da ɗaya a lokaci guda, har ya kai wa jirgin kwamandan Ingila ɗauki. Harsashin igwa ya same shi sau 153, mutum 24 suka mutu, 67 suka ji rauni, amma bai bar sahu ba. Saboda haka ya zama jirgin Rasha na farko da aka ba tutar Saint George ta girmamawa.

A cikin ƙananan hafsoshinsa a ranar akwai Nakhimov da Kornilov da Istomin. Dukansu uku sun zama manyan kwamandoji, dukansu kuma sun mutu wajen kare birnin Sevastopol a yaƙin Crimea tsakanin 1854 da 1855.

Jirgin kansa bai daɗe ba. Katakonsa ya ruɓe, aka wargaza shi a Kronstadt, tashar jiragen yaƙin Rasha kusa da Saint Petersburg, a 1831, yana da shekara biyar kacal. Tutar Saint George ɗin ta koma kan jiragen da aka sa wa suna Pamyat Azova, wato "Tunawa da Azov".