Ɓoyayyun Ishara ga Tsofaffin Labaran Almarar Kimiyya a Cikin Anime

Ɓoyayyar ishara a anime, wato zane mai motsi na ƙasar Japan, ita ce a cusa wani suna, lamba, take ko hoto da aka aro daga tsohon littafi ko fim na almarar kimiyya, ba tare da an sanar da mai kallo ba. Hannunka-mai-sanda ne ga wanda ya san asalin abin. Wanda bai sani ba kuwa, labari bai rage masa komai ba.

Al'adar ta yi ƙarfi ne a hannun samarin da suka taso da karatun littattafan Amurka da Ingila da aka fassara zuwa Japananci. A 1981 da 1983 wasu ɗalibai, ciki har da Hideaki Anno da Hiroyuki Yamaga da Takami Akai, suka yi gajerun fina-finai biyu don buɗe taron masoya almarar kimiyya a Osaka. A na biyun, DAICON IV, wata yarinya mai kayan zomo tana gwabzawa da Darth Vader, mugun fim ɗin Star Wars, da dodon fim ɗin Alien, jarumai na ta gilmawa fiye da yadda ido zai ƙirga. Ba su nemi izinin kowa ba, har waƙar da suka ɗora a kai, shi ya sa fim ɗin bai shiga kasuwa yadda aka saba ba. Waɗannan samarin ne suka kafa kamfanin Gainax a 1984.

Da Anno ya yi Neon Genesis Evangelion, shirin talabijin mai kashi-kashi, a 1995, sai isharar ta koma cikin take. Sunan kashi na 26 daga labarin Harlan Ellison na 1968 aka ɗauko shi, The Beast that Shouted Love at the Heart of the World. A nan gwanintar take: a Japananci "ai" na nufin so, amma a taken kashin na Japananci an rubuta ta da baƙaƙen da ake rubuta baƙin kalmomi da su, don haka ana iya jin ta a matsayin kalmar Turanci mai nufin "ni". Kashin kuma ba a kan komai yake ba sai yaro Shinji da neman sanin ko shi wane ne. Duk fassarar da aka yi, dole ma'ana ɗaya ta salwanta. Haka kuma sunan Turanci na babban shirin asiri da ke cikin labarin, Human Instrumentality Project, daga labaran Cordwainer Smith ya samo tushe.

Ba daga waje kaɗai ake aro ba. A Akira na Katsuhiro Otomo, wanda fim ɗinsa ya fito a 1988, jarumin Shotaro Kaneda sunansa ɗaya da yaron da ke sarrafa ƙaton mutum-mutumin ƙarfe a Tetsujin 28-go na Mitsuteru Yokoyama, wanda ya fara fitowa a 1956. Lambar da masu bincike na cikin labarin suka bai wa Akira kansa, yaron da suke gwaji a kansa, ita ce 28.

Wani lokaci abin raha ne zalla. A Cowboy Bebop na 1998 akwai kashin da wata halitta ke bin ma'aikatan jirgin sararin samaniya tana cizo ɗaya bayan ɗaya, tamkar a Alien, sai daga baya ta bayyana cewa daga wani abincin teku da aka manta a firji ta fito.

Mamoru Oshii shi ya fi komawa can baya. A Ghost in the Shell 2: Innocence na 2004, mutum-mutumi masu siffar 'yan mata da ke kashe iyayen gidansu ana kiran samfurinsu Hadaly, sunan macen da aka ƙera a littafin L'Ève future na Villiers de l'Isle-Adam, ɗan Faransa, na 1886. Kamfanin da ke ƙera su kuma Locus Solus ne, taken littafin Raymond Roussel na 1914.