Tambayoyi da amsoshi kan neman madogara a laburare don binciken ci gaba mai ɗorewa

Daga ina ɗalibi zai fara?

Ya fara da sanin asalin batun. Ma'anar ci gaba mai ɗorewa da aka fi dogara da ita ta fito ne daga rahoton 1987 na kwamitin Brundtland, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da ci gaba, wato biyan buƙatun mutanen yau ba tare da tauye wa masu zuwa damar biyan nasu ba. Daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 a 2015, da wa'adin 2030. Ɗalibi ya ɗauki ɗaya ya ɗaure shi da wuri da lokaci, domin wanda ya shiga laburare da batu mai faɗi zai fito da tarin takardu ba tare da hujja ba.

Ina ake samun madogara masu nauyi?

A manyan laburaren jami'o'i irin su Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sashen kundayen digiri taska ne da ɗalibai ke wucewa, alhali a nan ake samun binciken da aka yi a gonaki da ƙauyukan da ba kasafai mujallun waje ke leƙawa ba. A tambayi ma'aikacin laburare ko jami'ar tana cikin shirin Research4Life, mai bai wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallun bincike ta intanet; sashensa na AGORA ya ƙunshi mujallun noma, OARE kuma na muhalli. Shafin intanet na AJOL (African Journals Online) ya tattara mujallun bincike na Afirka. Mai bibiyar tarihin daji ko ruwan sama kuma ya nufi ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

Ta yaya za a gane ingancin abin da aka samu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Kusan kowane kundi kan Tafkin Chadi yana cewa tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari, amma da wuya ka ga an faɗi shekarun da aka kwatanta. Adadin ya samo asali ne daga kwatanta faɗinsa na farkon shekarun 1960, kimanin murabba'in kilomita 25,000, da halin da ya shiga bayan farin shekarun 1970 da 1980. Hotunan tauraron ɗan'adam na baya-bayan nan sun nuna ruwan ya ɗan farfaɗo tun shekarun 1990, kuma yana hawa da sauka da damina. Saboda haka a bi kowane adadi har tushensa: wa ya auna, yaushe, da wace hanya, kuma wa ya ɗauki nauyin aikin?

Shin duk mujalla abar dogaro ce?

A'a. Akwai masu karɓar kuɗi su buga maƙala cikin 'yan kwanaki ba tare da masana sun tantance ta ba. A duba ko mujallar tana cikin DOAJ, wato jerin mujallun da ake karantawa kyauta a intanet waɗanda aka tantance, a kuma nuna wa malami mai duba aikin kafin a kafa hujja da ita.